Zakarun Kasuwa, Marayun Kofi

Da a ce ana ba da kofi ga ƙungiyar da magoya bayanta suka fi kowa murna a watan Agusta, da tuni Al-Nassr ta rasa wurin ajiye kofuna. Kowace bazara haka muke yi a Riyadh. Zafi ya hana kowa fita da rana, ƙwallo ta tafi hutu, sai a koma cinikin baki: wane zai zo, wane ya sa hannu, jirgin wane ya sauka da asuba. Bazarar 2025 ma ba a fasa ba. An kawo João Félix daga Chelsea, an kawo Kingsley Coman daga Bayern Munich, an ɗauko Iñigo Martínez daga Barcelona ba tare da kuɗin saye ba, Cristiano Ronaldo ya sabunta kwantiraginsa har zuwa 2027, sannan aka ba Jorge Jesus aikin koci. Daga shagunan shayi na Batha har ɗakunan ɗalibanmu 'yan Arewa da ke jami'o'in garin nan, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Bana kam ba mai tare mu." An faɗi haka a 2023. An maimaita a 2024. Ni mai goyon bayan Al-Nassr ne tun zamanin Ahmed Musa, kuma wallahi na gaji da jin wannan magana.

Fushina ba da masu riƙe da ƙungiya kaɗai yake ba, su an san halinsu. Da mu nake, 'yan kallo, Larabawanmu da Hausawanmu, domin mu ne muka koya musu cewa babban suna ya isa ya rufe mana baki. Mu ne muke cika filin jirgin sama na Sarki Khalid da tuta da ihu saboda mutumin da ko ƙwallo bai taɓa mana ba tukuna. Mu ne kuma, in sanyi ya shigo aka fara zubar da maki, muke rantsuwa sai an kori koci. Shugaban da ya ga hoton ɗan wasa riƙe da riga ya fi tsarin shekara uku samar masa da yabo, me zai hana shi ci gaba da sayen hoto?

A ɗauko lissafi, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. Ranar 30 ga Disamba, 2022 aka sanar da zuwan Ronaldo, bayan sun rabu da Manchester United dutse a hannun riga. A ƙarshen waccan kakar Al-Ittihad ta Jidda ce ta ɗauki gasar lig, mu muka zo na biyu. A 2023/24 maƙwabtanmu Al-Hilal suka ɗauka da maki 96, mu muna da 82. A 2024/25 Al-Ittihad ta sake ɗauka, mu kuwa muka gangara na uku. Kofin Sarki fa? A wasan ƙarshe na Mayun 2024 Al-Hilal ta cinye mu a bugun fenareti a Jidda, duniya ta ga Ronaldo kwance a ƙasa yana hawaye. Watanni biyar bayan haka Al-Taawoun ta fitar da mu a gidanmu, bayan shi Ronaldon ya ɓarar da fenareti ana dab da tashi. A gasar zakarun Asiya, Al-Ain ta Daular Larabawa ta yi waje da mu a 2024. A Afrilun 2025 kuma Kawasaki Frontale ta Japan, ƙungiyar da babu ɗan gidan kallo ɗaya a Kano da zai iya kiran sunan 'yan wasanta uku, ta doke mu da ci 3 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe, a cikin Saudiyya. A kofin buɗe kaka na 2024 a Abha mu muka fara ci, aka tashi Al-Hilal 4, mu 1. Na 2025 a Hong Kong, da sababbin taurarin namu a fili, Al-Ahli ta ɗauke shi a fenareti. Abin da muka iya ɗagawa a duk tsawon wannan lokaci shi ne kofin zakarun ƙungiyoyin Larabawa na Agustan 2023 a Ɗa'if. Shi ke nan. Kuma kafin kowace ɗaya daga cikin waɗannan kakanni, an yi ta bugun ƙirji cewa mu ne muka fi kowa iya ciniki.

Kada wani ya ce da Ronaldo nake. Mutumin ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ƙwallo 35 ya ci a lig a 2023/24, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin gasar, ya ƙara 25 a kakar da ta biyo baya, yana da shekara 40 a duniya. Wanda ya ce shi ne matsalar bai kalli wasa ba. Amma wanda ya ce shi ne maganin ma bai kalli teburi ba.

A nan ne nake son in juyo kan 'yan'uwana Hausawa, na nan da na gida, don namu ciwon daban ne. Da yawa daga cikin masu sa rigar rawayar nan ba Al-Nassr suke so ba. Ronaldo suke bi. Sun bi shi Madrid, sun bi shi Turin, sun koma Manchester tare da shi, yanzu sun sauka a Riyadh, ranar da ya tattara kayansa su ma za su tattara nasu. Ɗaya ɓangaren kuma mutanen Messi ne da suka rungumi Al-Hilal, ba don sun san tarihin gwarzonta Sami Al-Jaber ba, sai don duk ranar da ta ci Al-Nassr su samu abin tsokana a WhatsApp. Tsohon musun gidan kallo ne aka canza masa riga. Ka tambayi mai ɗaga jijiyar wuya a kan cinikin bazarar 2025 wa ke tsaron bayan Al-Nassr ta dama, sai ya fara kame-kame, alhali Sultan Al-Ghannam ya shekara da shekaru yana zirga-zirga a wannan layin. Ka tambaye shi albashin Ronaldo kuwa, zai faɗa maka na shekara, na wata, na minti, har ya buga a waya ya mayar maka da shi naira. Malam, albashin wani ba kofi ba ne. Ko sisin kwabo ba za a ba ka a ciki ba.

Abin da masu wannan ra'ayi ba sa son a tuna musu shi ne inda taurarin jiya suka tafi. A bazarar 2023, da ƙungiyoyin Saudiyya suka kashe sama da dala miliyan 900, kuɗin da Firimiyar Ingila ce kaɗai ta wuce shi, Al-Nassr ta kwaso Sadio Mané, Marcelo Brozović, Otávio, Aymeric Laporte, Alex Telles da Seko Fofana. Fofana shi ne kyaftin ɗin Lens, yana tsakiyar ƙarfinsa, aka ce shi ne shaidar cewa ba tsofaffi kaɗai ke zuwa ba. Wata shida aka yi aka tura shi aro Al-Ettifaq, daga nan ya koma Faransa. Telles ya koma Birazil. Laporte ya koma Bilbao. Anderson Talisca, wanda ya ɗauki nauyin cin ƙwallo a ƙungiyar nan tun kafin zuwan Ronaldo, aka sayar da shi ga Fenerbahçe a Janairun 2025, aka maye gurbinsa da Jhon Durán daga Aston Villa a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai yuro miliyan 77. Yaro ɗan shekara 21. A wasansa na farko a lig ya ci biyu, aka ce an samu magajin Ronaldo, an warware matsalar shekara goma. Watan Yuli bai ƙare ba sai ga shi a Istanbul, aro, a ƙungiyar da Talisca ya tafi. Yuro miliyan 77, wata biyar. Wa ya nemi a yi masa bayani? Ba kowa. Kafin a gama tambaya an nuna mana hoton Félix, muka manta.

To shi ma Félix ya buɗe kakar 2025/26, wadda nake wannan rubutu a farkonta, da ƙwallo uku a ragar Al-Taawoun, kuma tuni an fara naɗa masa rawani. Ina yi masa fatan alheri, don cinsa cin ƙungiyata ne. Amma yaron da Atlético Madrid ta biya yuro miliyan 126 a kansa a 2019, ya zaga Chelsea, Barcelona, Chelsea kuma, sannan Milan, ba inda ya zauna daram, ai a ƙyale shi ya shekara tukuna. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Mu nan minti casa'in ya ishe mu.

Ga kuma maganar masu horarwa. Rudi Garcia ne koci lokacin da Ronaldo ya zo, bai ga ƙarshen kakar ba. Luís Castro ya zo a 2023, aka sallame shi a Satumban 2024. Stefano Pioli ya karɓa, ya tafi a Yunin 2025. Sai Jesus a 2025. Ka sayi shadda mafi tsada a kasuwa, ka ba tela na farko ya yanka, kafin ya ɗinka ka ƙwace ka ba na biyu, shi kuma ya ce yankan bai yi masa ba a ƙaro yadi, haka har tela huɗu, sannan ranar Sallah ka tsaya kana mamakin rashin riga. Kowane koci da irin 'yan wasan da yake so. Na Castro ba su dace da Pioli ba, na Pioli ba su dace da Jesus ba. Kuma duk korar da aka yi, da tafin magoya baya aka yi ta.

Su ma na Al-Hilal kada su yi mana dariya, don darasin da ya fi kowanne girma a gidansu yake, kuma ba su ɗauke shi ba. A Agustan 2023 suka kawo Neymar daga PSG a kan kimanin yuro miliyan 90. Bikin da aka yi na tarbarsa a filin wasa na Sarki Fahd ya fi na ɗaukar kofi. A Oktoba ya ji ciwo a gwiwa yana buga wa Birazil wasa da Uruguwai. Wasa bakwai ya yi musu gaba ɗaya, ƙwallo ɗaya, aka raba gari a Janairun 2025 ya koma Santos. To a wannan kakar da babban tauraronsu yake jinya, a ita suka ɗauki lig ba tare da an ci su ko sau ɗaya ba, suka jera nasara 34 a dukkan gasa, abin da ya shiga kundin tarihin duniya. Da su wa? Da Yassine Bono a raga, Kalidou Koulibaly a baya, Rúben Neves da Milinković-Savić a tsakiya, Malcom da Salem Al-Dawsari a gefe, Mitrović a gaba. Kowa an saye shi ne don wani gurbi da ake buƙata, ba don yawan mabiyansa a Instagram ba. Ba wanda ya kwana a filin jirgi saboda Mitrović, ɗan wasan Fulham, amma shi ya ci musu ƙwallo 28 a lig. Sannan kocin da ya haɗa wannan aiki, shekara ba ta cika ba aka sallame shi a Mayun 2025 saboda Al-Ahli ta fitar da su daga gasar Asiya. Kocin kuwa shi ne Jorge Jesus, wanda mu 'yan Al-Nassr muka shekara biyu muna zagi muna cewa alƙalan wasa ne ke ɗauke da shi. A 2025 ya zama gwaninmu. Ko kunya ba mu ji ba.

Rabon Al-Nassr da kofin lig, har zuwa ƙarshen kakar 2024/25, tun 2019 ne. Na tuna wannan kakar sarai, duk Bahaushen da ke Riyadh a lokacin ma ya tuna ta, domin ɗanmu na ciki. Ahmed Musa ya zo daga Leicester a Agustan 2018, bayan ƙwallaye biyun da ya zura wa Iceland a Rasha. Tare da shi akwai Nordin Amrabat daga Watford, da Giuliano ɗan Birazil, da Abderrazak Hamdallah ɗan Maroko wanda aka ɗauko daga Qatar ba wani ganga, ya ci ƙwallo 34. A baya akwai Omar Hawsawi. Da tazarar maki ɗaya aka ƙwace kofin daga hannun Al-Hilal a ranar ƙarshe. Babu mai kyautar Ballon d'Or a cikinsu. Ƙungiya ce kawai, kowa ya san aikinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne yadda mu 'yan Afirka muke tafa wa cinikin da namu ne ke fara biyan kuɗinsa. Lokacin da Ronaldo ya zo, gurbin baƙi takwas ne ga kowace ƙungiya, kuma na Al-Nassr a cike yake. Wa aka sallama? Vincent Aboubakar, yaron Coton Sport ta Garwa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Afirka da aka yi a Kamaru, wanda ko wata biyu bai yi da zura wa Birazil ƙwallo a gasar cin kofin duniya ba. Ya tattara ya koma Beşiktaş, mu muna can muna sayen riga mai lamba 7. Odion Ighalo shi ya fi kowa cin ƙwallo a lig a 2021/22 da guda 24. A Afrilun 2023, Ronaldo na tsaye a fili, Ighalo ya ci wa Al-Hilal biyu a ragarmu da fenareti. Bazara na zuwa Al-Hilal ta bar shi ya tafi Al-Wehda ta Makka, don kasuwa ta buɗe, ana neman manyan sunaye. Sai kuma bazarar 2025 da Victor Osimhen ya ƙi tayin Al-Hilal ya zauna a Galatasaray, Al-Hilal ta koma kan Darwin Núñez. 'Yan Najeriyar da ke nan suka rabu biyu, wasu na cewa Osimhen ya yi wauta ya bar arziki, wasu na cewa ya yi jarumta. Ban ji wanda ya tambayi ko salon wasansa ya dace da na Simone Inzaghi, kocin Al-Hilal a lokacin, ba. Duk aljihunsa ake leƙe.

Akwai kuma wanda ba ya cikin musun ko kaɗan, shi ne yaron ƙasar. Ranar 22 ga Nuwamba, 2022 Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a Lusail, da 'yan wasan da dukkansu a gida suke taka leda. Saleh Al-Shehri ne ya farke ƙwallon farko. Bayan shekara ɗaya yana zaman benci a bayan Mitrović. Ya bar Al-Hilal ya koma Al-Ittihad, ya tarar da Karim Benzema a gurbinsa. Daga kakar 2024/25 aka ƙara gurbin baƙi ya zama goma, biyu daga ciki matasa. Roberto Mancini, kafin a sallame shi daga horar da 'yan wasan ƙasa a Oktoban 2024, ya sha kokawa cewa da yawa daga cikin yaran da yake gayyata ba sa samun wasa a ƙungiyoyinsu. Aka ce uzuri ne. Wata ɗaya bayan tafiyarsa Indunusiya ta ci Saudiyya biyu ba ko ɗaya a Jakarta, daga baya kuma Japan da Ostireliya suka kwashe tikitin kai tsaye na rukunin zuwa gasar 2026. Ƙasar da za ta karɓi baƙuncin duniya a 2034 ke nan.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu baƙi ne. Da ruwanmu. A tawagar da Saudiyya ta kai Rasha a 2018 akwai Hawsawi har uku, Osama da Omar da Motaz, kuma Osama ne kyaftin. Jikokin mutanenmu ne da suka taka daga ƙasar Hausa zuwa aikin Hajji suka zauna. Ƙwallo na cikin ƙofofin da suka ɗaukaka irin waɗannan gidaje a ƙasar nan. Duk gurbin da aka cike da ɗan shekara 34 daga Turai, akwai wani yaro a Makka ko Jidda ko Manfuha da aka rufe wa wannan ƙofar, kuma ba mamaki sunan kakansa Ɗanladi.

A fahimci wani abu. A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya mallaki kashi 75 cikin ɗari na Al-Nassr da Al-Hilal da Al-Ittihad da Al-Ahli. Suka zama 'yan uba ɗaya. A matakin hukumar lig kuma aka ɗauko Michael Emenalo, tsohon ɗan wasan Najeriya da ya yi aiki a Chelsea, don ya kula da harkar sayen 'yan wasa. Mai kuɗin yana da burinsa: a san ƙasar, a kalli gasarta a talabijin a ko'ina, a zo yawon buɗe ido. Wannan buri ya cika, ba musu, tunda ga shi ana gardamar Al-Nassr a Fagge da Maraɗi. Ko Ronaldo ya ɗauki kofi ko Benzema ya ɗauka, shi riba ce. Amma kai mai goyon baya, burinka ba nasa ba ne. Naka kofi ne. In ka ari ma'auninsa kana auna ƙungiyarka da shi, kana murna da yawan waɗanda suka kalli hoton sa hannu, to ka zama ɗan talla, kuma ba a biya ka ba.

Soyayyar tamu ma ta waya ce. A Oktoban 2023 Al-Ettifaq ta Steven Gerrard da Jordan Henderson ta zo garin nan wasa da Al-Riyadh, 'yan kallo ba su kai 700 ba. Garin da ya ɗauki miliyoyin mutane. Filin Al-Awwal Park namu mutum 25,000 yake ci, amma sai ranar wasan hamayya ake rasa tikiti. In ƙaramar ƙungiya ce ta zo a tsakiyar mako, kujeru ne ke kallo. Masu rantsuwar "ba mai tare mu" suna kan kilishi a majalisa, suna jiran a ci mu su rubuta a kori wane.

Ba na cewa cinikin bazarar 2025 ba shi da kyau. Martínez ya san aikin baya, ko da yake shekaru sun ja. Coman, wanda ya ci wa Bayern ƙwallon da ta ba ta kofin Turai a 2020, in ƙafarsa ta bar shi lafiya zai amfane mu. Jesus ya san gasar nan ciki da waje. Yana yiwuwa a kakar 2025/26 a dace, kuma in an dace ni ne kan gaba a titin Olaya da tuta. Amma ko an dace, ba zai wanke ɓarnar shekara uku ba, ba kuma zai dawo da kuɗin Durán ba.

Don haka, 'yan'uwa, in kasuwar Janairu ta buɗe aka fara raɗe-raɗin wani sabon suna, kafin ku tambayi nawa ne ku tambayi wane gurbi zai cike, wa za a kora saboda shi, kuma koci ne ya nema ko ɗora masa aka yi. In aka ci mu wasa biyu a jere, ku bar Jesus ya ƙarasa kakarsa, ku nemi a ba shi ta biyu. Ku matsa a riƙa sa su Abdulrahman Ghareeb da Ayman Yahya da Nawaf Al-Aqidi. Ku da ke Riyadh kuma, ku sayi tikitin wasan da ba na Al-Hilal ba, ku je ku zauna har alƙali ya hura tashi. Wanda bai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don Allah ya adana ra'ayinsa sai watan Mayu.